Kalmar "yunwa" a labarun shekarar 2005: yadda labarin masifa yake juya zukatan jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gindin rediyo cikin ƙauye da almuru, sa'ad da ake karanta labaru, ya san cewa labarin masifa ba ya tsayawa a kunne. Yakan gangara zuciya, daga can kuma ya fito ya zama aiki: wani ya buɗe rumbunsa ya taimaka, wani ya liƙe nasa, wani ya kora bisashensa kasuwa tun ba su rame ba, wani kuwa ya ɗauki jaka ya nufi kudu. Saboda haka yadda aka faɗi labari yana da hannu cikin yadda masifar kanta za ta ƙare.

A wannan maƙala za mu ɗauki misali guda, watau matsalar cimaka da ta auka wa ƙasarmu Nijar a 2005, musamman jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Za mu duba yadda labari ɗaya ya haifi tausayi a zuciyar mai kallo daga nesa, ya kuma haifi kunya da tsoro a zuciyar wanda abin ya shafa. Sa'an nan za mu nuna cewa babban rabo na wannan lamari yana cikin kalmomin da aka zaɓa, wanda kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci.

1. Abin da ya faru

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da dama, ga kuma fara ta sauka a arewacin ƙasar noma. Bayan girbi aka ƙiyasta giɓin hatsi ya kai wajen tan 223,000, ban da giɓin ciyawar dabbobi. A watan Nuwamba na 2004 gwamnati ta nemi agaji, amma abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Kafin tsakiyar daminar 2005, buhun hatsi mai kilo 100 da aka saba saye wajen jikka 10 bayan girbi ya kai jikka 30 a waɗansu kasuwanni, domin hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya ma, kuma waɗansu ƙasashe maƙwabta sun hana fitar da nasu. Akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne talaka ba shi da su.

A watan Mayu na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran a tara dalar Amurka miliyan 16, aka yi shiru. Sai a tsakiyar watan Yuli, sa'ad da gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan yara masu tamowa a cibiyar ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières da ke Maraɗi, duniya ta waiwayo. Jami'in agajin gaggawa na Majalisar a lokacin, Jan Egeland, ya bayyana cewa abin da aka samu cikin kwana 10 ya fi abin da aka samu cikin wata 10 da suka wuce. A watan Agusta aka fara rabon abinci kyauta, Kofi Annan kuma ya zo Damagaram da kansa. Cikin wannan shekara ƙungiyar likitocin ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a jahar Maraɗi.

Abin lura a nan shi ne, alƙaluman ba su canza ba tsakanin Mayu da Yuli. Abin da ya ƙaru shi ne hoto.

2. Zuciyar mai kallo daga nesa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma binciken masana halayyar ɗan Adam ya gaskata su. A wani gwaji da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba mutane kuɗi kaɗan, aka ce wanda ya ga dama ya yi sadaka da wani abu daga ciki. Rukuni ɗaya an karanta musu alƙaluman miliyoyin masu fama da rashin abinci a Afirka. Rukuni na biyu an nuna musu hoton wata yarinya ƴar shekara 7 daga Mali tare da labarinta. Na biyun sun ba da wajen ninki biyu na abin da na farkon suka bayar. Da aka haɗa hoton da alƙaluman wuri guda, sai sadakar ta ragu. Watau zuciya takan motsa saboda fuska ɗaya, ta kuma yi sanyi idan yawan mutanen ya fi ƙarfin tunaninta.

Har wa yau, masu ɗauko labari ba su ɗaukar masifu daidai wa daida. Thomas Eisensee da David Strömberg sun bi sawun masifu wajen 5,000 da suka auku tsakanin 1968 da 2002, suka duba waɗanda manyan gidajen talabijin na Amurka suka ba da labarinsu. Sun tarar cewa kafin labarin rashin abinci ya sami kulawar da ake ba mutum 1 da aman wutar dutse ya kashe, sai mutane kusan 40,000 sun mutu. Dalili kuwa a fili yake. Girgizar ƙasa da aman wuta suna da rana, suna da ƙara, suna da abin ɗauka a hoto. Yunwa kuwa sannu take tafiya, ba ta da ranar farawa, kuma ba ta da hoto sai ta kai ga ƙasusuwan yaro.

Haka ya faru a Habasha. Rahoton da Michael Buerk da mai ɗaukar hoto Mohamed Amin suka aiko daga Korem, wanda BBC ta nuna ran 23 ga Oktoba 1984, shi ya tayar da agajin da ya kai ga bikin kiɗan Live Aid na 13 ga Yuli 1985, alhali an daɗe ana gargaɗi a rubuce. Illar wannan tsari guda biyu ce. Ta farko, agaji yakan zo a makare, domin tausayin nesa ba ya tashi sai abin ya ɓaci. Ta biyu, tausayin da hoto ya tayar ba ya daɗewa. Da masu ɗaukar hoto sun tafi, sai mai kallo ya ɗauka an gama, ko da yake tamowar yara a kudancin Maraɗi takan dawo kowace damina.

3. Zuciyar wanda abin ya shafa

Labarin da aka tsara domin mutumin Landan ko Faris ba a can yake tsayawa ba. A 2005 yakan dawo gida ta sashen Hausa na BBC, da Muryar Amurka, da Muryar Jamus, da gidajen rediyo masu zaman kansu, ya iske manomi a ƙofar gidansa. A nan kuwa ba tausayi yake haifarwa ba, domin mai saurare shi ne ake tausayin.

Abu na farko da yake taɓawa shi ne kunya. A ƙasar Hausa babbar addu'ar magidanci ita ce Allah ya rufa masa asiri, kuma rufin asiri na farko shi ne kada maƙwabci ya san cewa ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Hoton uwa riƙe da yaro ramamme, wanda ga baƙo kira ne na taimako, ga mutanen garinta tonon asirin mijinta ne da na danginta. Inda kunya ta yi yawa, mutum yakan jinkirta neman taimako, jinkirin kuwa a jikin yaro yake ƙarewa.

Abu na biyu shi ne tsoro. Wanda ya ji an ce "yunwa ta shigo" yana da rumbu, zai liƙe shi. Ɗan kasuwa zai riƙe buhunansa yana jiran farashi ya hau. Makiyayi zai yi hanzarin sayarwa, dabbobi su yi yawa a kasuwa, kuɗinsu ya faɗi. Ta haka kalmar da aka faɗa domin bayyana masifa takan ƙara mata ƙarfi.

Abu na uku shi ne jin an raina mutum. Rahotannin waje sun yawaita faɗin cewa mutane suna cin ganye, a matsayin shaidar cewa abin ya kai maƙura. Bahaushe kuwa ya san zogale da rama da tafasa abinci ne na kowace damina, ko a shekarar wadata. Alamun da shi yake dubawa daban ne: an koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita, ko an fara tonon gidan tururuwa, ko an sayar da akuyar da ake tatsa. Idan mai ba da labari bai bambanta waɗannan ba, mai saurare zai gane bai san ƙasar ba, daga nan sai ya daina gaskata sauran abin da ya faɗa, har da na gaskiya.

Su ma masu mulki kalmar tana ba su tsoro, kuma tsoron yana da tarihi. Yadda aka tafiyar da agajin farin 1973 yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. A Habasha, an nuna wa jama'a hotunan yunwar Wollo ta talabijin a daren 11 ga Satumba 1974, gari na wayewa aka tuɓe Haile Selassie. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da shugaba Mamadou Tandja ya shaida wa BBC a watan Agusta na 2005 cewa babu "famine" a Nijar, ko da aka janye wa wata tawagar BBC izinin ɗaukar labarin rashin abinci a watan Afrilu na 2006. Sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 hukumomin lokacin suka ambaci kalmar a fili.

4. Matsalar kalmomi

4.1. Yunwa

Gardamar 2005 da Faransanci aka yi ta. Wannan harshe yana da "faim", wadda kowa yake ji kafin kalaci. Yana da "disette", watau ƙarancin abinci. Yana da "crise alimentaire", wadda ma'aikatu suka fi so. Yana kuma da "famine", wadda take nufin mutane suna mutuwa da yawa. Shugaban ƙasa ya musanta ta ƙarshen ce, kuma masana da yawa sun yarda cewa bisa ma'aunin mace-macen jama'a gaba ɗaya abin bai kai can ba, ko da yake tamowar yara ta wuce haddin gaggawa a wurare da dama.

To, amma da Hausa, "faim" da "famine" duka "yunwa" ne. Mai fassara a gidan rediyo yana tsakanin ramuka biyu. In ya ce "babu yunwa a Nijar", matar da ta kwana ba ta ci ba za ta ji an ƙaryata cikinta, sai ta yi fushi. In ya ce "ana yunwa a Nijar", dattijon da ya ga 1973 da 1984 zai tuna gawarwakin shanu da ƙauyukan da suka watse, sai ya firgita. Shi ya sa aka fake da "matsalar cimaka" da "ƙarancin abinci". Waɗannan kuwa kalmomin ofis ne: ba su tayar da hankali, amma kuma ba su gaya wa mai saurare ko abin ƙarami ne ko babba.

4.2. Fari

A baki babu mai rikita waɗannan kalmomi: farin launi, farin rashin ruwa, fari jam'in fara, da fari na farawa. Tsawon wasali da karin sauti sun raba su. Na launi da na rashin ruwa suna da gajeren "a", karin sauti ne ya bambanta su. Jam'in fara da na farawa suna da dogon "a". A rubutu kuwa duka huɗun kamarsu ɗaya. Ƙa'idar da aka bi a Nijar bayan taron Bamako na 1966 tana ninka dogon wasali, kamar yadda ake gani a sunan jaridar Gangaa, sai taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya bar wannan hanya domin rubutun Nijar da na Nijeriya su zo ɗaya. An ci ribar haɗin kai, amma an bar wa marubuci nauyin kawar da shubuha.

Shekarar 2004 ta nuna cewa wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, domin a daminar an yi farin rashin ruwa, an kuma yi fara. Sabon mai karatu da ya ga an rubuta "fari ya ɓata gonaki" zai dogara ga "ya" kaɗai domin ya gane wanne ake nufi, a kanun labari kuwa sau da yawa ko wannan ba ya samu. Abin da zai ji a ransa ya bambanta: fara abokiyar gaba ce da ake gani, ana iya fita a yaƙe ta, rashin ruwa kuwa sai roƙon Allah. Ya kamata a jaridun yaƙi da jahilci a riƙa rubuta "farar ɗango" da "ƙarancin ruwan sama" a duk inda za a iya rikicewa.

4.3. Sunayen da jama'a suke raɗawa

Talakawa ba su jira ma'aikatu ba wajen bambanta yunwa da yunwa. Wadda ta kai ta kawo sukan raɗa mata suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Ta 1984 kuwa a yankin Maraɗi ana kiranta Ƴar Buhari, wadda ake rubutawa El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a watan Afrilu na 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, sa'ad da hanyar hatsi da ta cin-rani suka toshe. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel, wanda ya fito a 1993. Sunan Ƴar Buhari yana koya mana cewa abin da zuciyar wanda masifa ta shafa take nema shi ne dalili. Hoton wahala ba ya ƙara masa kome, tun da a cikinta yake.

4.4. Alƙaluma

"Kashi 15 cikin 100" magana ce ta wanda ya yi makaranta. Ga wanda yake shekarar farko a ajin yaƙi da jahilci, "yaro 1 cikin kowane 7" ya fi shiga kai, kuma ma'anar kusan ɗaya ce. Haka nan kuɗi: jama'armu da dala da jikka suke lissafi, awon hatsi kuwa da tiya. Adadin da mutum bai fahimta ba, ko dai ya yi watsi da shi, ko ya kumbura shi a ransa.

5. Bayan shigowar salula

Yanzu hoto ba ya jiran ɗan jarida. A daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan 1, hoton rushewar tsohon masallacin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19, ran 3 ga Satumba, ya zagaya wayoyi cikin sa'o'i kaɗan. Wannan yana da amfani, domin ƴan'uwa na nesa sukan ji da wuri su aiko da taimako. Yana kuma da illa. Bayan harin bam na gasar gudu ta Boston a 2013, Alison Holman da abokan aikinta sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin sa'a 6 ko fiye a kowace rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu. Wanda ya ga masifa da idonsa sau ɗaya ya gan ta, mai waya kuwa yana iya ganinta sau hamsin kafin ya kwanta, kuma ba tare da bayanin rana ko wuri ba.

6. Shawarwari

Na farko, a tsayar da kalmomin matakai. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1973, suna auna halin cimaka da ma'aunin da ake kira Cadre Harmonisé mai hawa 5. Ba a kiran hawa na 5, watau "famine", sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci ƙwarai, yara 3 cikin 10 suna da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 suna mutuwa kowace rana. Muna ba da shawarar a gwada waɗannan: 1, sauƙi, 2, matsi, 3, ƙunci, 4, tsanani, 5, babbar yunwa. Kada a zartar da su daga ofis. A kai su gaban manoma da makiyaya da mata a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogondutsi, a ji yadda kowane karin harshe yake jera nauyinsu, kamar yadda ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962 suka saba ɗauko muryar ƙauye su mai da ita gidan rediyo.

Na biyu, kowane labarin masifa da Hausa ya amsa tambayoyi huɗu: ina ne, mene ne dalili, wane mataki aka kai, ina mutum zai nufa. Tsoron da aka nuna masa ƙofa yakan zama shiri, wanda ba a nuna masa ba kuwa jita-jita yake zama.

Na uku, a kiyaye mutunci. A kira tamowa da sunanta na ciwo mai magani, kamar ƙyanda ko zazzaɓi, domin uwa ta kai ɗanta likita ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Kada a ɗauki fuskar kowa sai da yardarsa.

Na huɗu, a sa karatun labari cikin darussan yaƙi da jahilci. A ba masu koyo labari ɗaya da aka rubuta iri biyu, su faɗi abin da kowanne ya sa suka ji, su nemo kalmar da ta jawo haka, su kuma saba tambayar wa ya faɗa, yaushe, a ina.

Kammalawa

Hotunan Maraɗi na watan Yuli 2005 sun ceci rayuka, wannan ba a musunsa. Amma an tsara su ne domin zuciyar baƙo, kuma sai da yara suka kai bakin kabari kafin su samu. Labarin da zai amfani mutanen Maraɗi su kansu shi ne wanda za a faɗa musu tun bayan girbi, da harshensu, da awon da suka sani, da kalmar da nauyinta ya yi daidai da nauyin abin. Irin waɗannan kalmomi sai an zauna an tattaro su daga bakin jama'a, an gwada, an buga a ƙamus, an koya wa masu fassara. Wannan aiki a shekarar wadata ake yinsa, domin ranar da rumbu ya ƙare babu mai sukunin zaɓen kalma.